Bayan Rasuwar Jariri: Ta'aziyya da Kula da Mai Jego

'Yar'uwa mai juna biyu, ba kowace mace ce take fita daga ɗakin haihuwa da goyo ba. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa ba rai kowace shekara a duniya, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 nasu a lokacin naƙuda suke rasuwa. Nijeriya tana cikin ƙasashen da abin ya fi yawa. A wannan fitowa za mu yi magana musamman da iyalai Kirista da ke zuwa mana daga Dawakin Kudu, Kura, Bunkure da ƙauyukan kewaye, ko da yake shawarwarin lafiyar da ke ciki na kowa ne.

Kada a ɗora miki laifi

Da zarar abin ya faru, sai ki ji ana cewa aikin rani ne ya yi miki yawa, ko an yi miki baki, ko wabi kike yi. Wata ma ita da kanta za ta riƙa tunanin ko wani zunubi ne Ubangiji yake hukunta ta a kai. Ki tuna da labarin mutumin nan da aka haifa makaho a Bisharar Yohanna sura ta 9. Almajirai sun so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu kuwa ya kawar da zargin daga kansu duka.

A asibiti, dalilan da muka fi gani sanannu ne: hawan jini da jijjiga, doguwar naƙuda a gida, rabuwar mabiyiya kafin haihuwa, ciwon suga, ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro. Wannan na ƙarshe ya shafe ku ƙwarai. Ruwan madatsar Tiga da ke bi ta magudanai zuwa gonakin shinkafa da tumatir na Kura da Bunkure shi ne arzikin yankin, amma yana sa sauro ba ya yankewa ko da rani. Akwai kuma lokacin da likita zai yi iyakar bincike bai gano dalili ba.

Ga masu zuwa gaisuwa

Miji, uwar miji, 'yan Zumuntar Mata, da ku muke. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, sai da suka fara neman laifinsa ne suka ƙara masa ciwo. Ku zauna da ita, ku ɗebo ruwa, ku dafa abinci, ku kula da sauran yaran. “Sannu, Allah ya ba da haƙuri” ta wadatar. Ku guji cewa “ai ke yarinya ce, za ki sami wani,” domin wannan ɗin da ta ɗauka wata tara shi take kuka a kai.

Kada kuma a hana ta kuka da sunan bangaskiya. Yesu kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Begen tashin matattu da Kirista yake riƙe da shi ba ya hana zuciya ciwo; abin da yake yi shi ne ya ba mutum inda zai jingina. Idan uwar tana son ta ga jaririn, ta riƙe shi, ta sa masa suna, a bar ta, a kira fasto ya yi addu'a. Sau da yawa dangi kan yi sauri su binne kafin ta farfaɗo, da nufin tausaya mata, daga baya kuma abin ya yi ta damunta shekara da shekaru. A tambaye ta tukuna. Idan ba ta so, kada a tilasta mata. Uban ma a tuna da shi, don yawanci shi ake bari da hidimar kabari da kuɗin asibiti ba mai tambayarsa yadda yake ji.

Jikinki jikin mai jego ne

Nono zai kawo cikin kwana 2 zuwa 4 ko da babu mai sha. Ki sa rigar mama mai kama jiki, ki ɗora tsumma mai sanyi, kada ki yi ta tatsa sai ɗan abin da zai rage zafi. Akwai maganin tsayar da nono, ki tambayi likita. Idan rukunin jininki mai alamar “negative” ne, ana yin allurar anti-D cikin awa 72 don kare ciki na gaba. A sassauta wankan jego da tafasasshen ruwa, a bar kunun kanwa; tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa.

A kawo ki asibiti nan take idan jini yana zuba da yawa, ko akwai zazzaɓi, ruwa mai wari, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburi ko haki. Haka nan idan makonni suka wuce ba kya barci, ba kya cin abinci, ko kina jin gara ki mutu, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya. Wannan ciwo ne mai magani, kuma ganin likita ba ya hana addu'a.

Ki dawo bayan mako 6 a duba ki, a tattauna abin da ya faru da lokacin da ya dace ki sake ɗaukar ciki. Idan cikin ya samu, ki fara awo da wuri, ki faɗa wa ungozoma abin da ya same ki a baya, ki kwana cikin gidan sauro, ki sha maganin rigakafin zazzaɓi da ake bayarwa wurin awo aƙalla sau 3, ki kuma shirya haihuwa a asibiti. Ranar da kika ji motsin jariri ya ragu, ki taho a ranar, kada ki jira gari ya waye.