Rufe Iyakokin Najeriya a Ma'aunin Masu Ra'ayin Sakar wa Kasuwa Mara

Masu ra'ayin sakar wa kasuwa mara sun yi imani cewa ciniki tsakanin mutum biyu da suka yarda da juna ba ya buƙatar sa bakin hukuma, in dai ba zamba ko ƙwace. Aikin gwamnati a wajensu shi ne tsare rai da dukiya da tabbatar da cika alkawari. Tushen wannan tunani yana komawa ga Adam Smith, ɗan Sikotlan da ya wallafa littafinsa kan arzikin ƙasashe a 1776, da David Ricardo, wanda a 1817 ya nuna cewa ƙasashe biyu na iya cin riba tare idan kowacce ta duƙufa ga abin da ya fi zo mata da sauƙi, ta sayi sauran. Rufe iyakokin Najeriya na 2019 misali ne da ake iya auna wannan ra'ayi da shi.

A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, da nufin daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da fitar da man fetur mai tallafi. Abin mamaki, wata guda kafin nan Najeriya ta sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Tun 2015 ma Babban Banki ya hana masu shigo da kaya iri 41, har da shinkafa, samun dala a farashin gwamnati, ya kuma ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Kebbi.

Tambayar farko da masu wannan ra'ayi ke yi ita ce: me ya haifi fasa-ƙwaurin? Amsarsu haraji. Najeriya ta ɗora wa shinkafar waje haraji mai nauyi, maƙwabciyarta Benin kuma ta sassauta nata ƙwarai. Sai ga ƙasa mai mutane kimanin miliyan 12 ta shiga sahun gaba na masu sayen shinkafar Tailan, alhali kowa ya san tukunyar da za ta dafa ta. Tazarar da ke tsakanin farashin Kwatano a Benin da na Legas ko Kano ita ce ribar ɗan sumoga, kuma rufe boda bai goge wannan tazara ba, faɗaɗa ta ya yi. Barauniyar hanya ba ta mutu ba. Kuɗin bin ta ne ya ƙaru, kuma mai saye a kasuwa shi ke biya a ƙarshe.

A nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi. Ribar kare kasuwar gida tana taruwa a hannun mutane ƙalilan da ake gani: masu manyan injinan casa da manoman da suka samu rance. Asarar kuwa ta watsu a kan miliyoyin magidanta, kowa da ɗan ƙarin da ya biya a kan mudu, don haka ba mai shirya musu taron manema labarai. Alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kusan kashi 13 cikin 100 a Agustan 2019 zuwa sama da 19 a Disambar 2020. Gaskiya ne annobar korona da rashin tsaro da faɗuwar naira suna da hannu a ciki, amma hawan ya fara tun kafin korona ta iso. Ga kuma fatake masu halattaccen kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, waɗanda ba su taɓa ɗaukar buhun shinkafa ba, amma kasuwarsu ta tsaya cik. Mazauna bakin iyaka sun ƙara shan wuya da aka hana kai fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 da boda.

Masu goyon bayan rufewar suna da nasu abin faɗa. Noman shinkafa ya bunƙasa a Kebbi da Jigawa da Kano, an kafa sababbin injinan casa, kuma ƙasar da ta jingina cikinta ga jiragen ruwan wasu tana cikin haɗari ranar da suka hana fitarwa, kamar yadda Indiya ta taƙaita fitar da shinkafarta a 2023. Masu ra'ayin kasuwa kan amsa cewa abin da ke sa shinkafar gida tsada shi ne rashin wutar lantarki, tsadar taki, lalacewar hanyoyi da shingayen karɓar na-goro, kuma kulle boda bai gyara ko ɗaya ba.

A ranar 16 ga Disamba 2020 aka sake buɗe iyakokin Seme, Illela, Maigatari da Mfum, amma haramcin shigo da shinkafa ta tudu ya ci gaba. A Oktoban 2023 Babban Banki ya janye takunkumin dala kan kayan da ya hana, sannan a Yulin 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan wasu kayan abinci, ciki har da masara, alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba.