Ba Kowane Tarin Kare Ne Ƙashi Ba

Da zarar kare ya miƙe wuya, ya sunkuyar da kai yana kakari, abin da mai shi kan fara cewa shi ne, "Ƙashi ne ya maƙale masa." Wani lokaci haka ɗin ne. Amma sau da yawa babu ƙashin, maƙogwaro ne ya kumbura.

Tarin da ya fi yawa shi ne wanda karnuka ke ɗauka a cunkoso. Ƙwayar cuta mai suna Bordetella da wasu ƙwayoyin bairos ne ke haddasa shi, suna bin numfashi da kwanon shan ruwa. Dubi yadda mafarauta ke loda karnuka a mota ɗaya da rani, hanci na gugar hanci: guda ya isa ya shafa wa sauran. Busasshen tari ne mai ƙara, yakan ƙare da ɗan farin kumfa, amma karen na cin abincinsa yana kaɗa wutsiya. Yakan wuce cikin mako 1 zuwa 3 in an keɓe shi ya huta, an nisanta shi da ƙurar hunturu da hayaƙin murhu, an kuma sassauta masa sarƙa.

Wanda ke tayar mini da hankali shi ne tarin kwikwiyo mai zuwa da zazzaɓi, kwantsa da majina mai kauri. Wannan na iya zama cutar distemfa, wadda kan kai ga farfaɗiya, ta kashe. Ba ta da maganin kanta, sai rigakafin da ake farawa tun kwikwiyo na da mako 6 zuwa 8.

Sauro ma yana da hannu. Cizonsa na iya saka wa kare tsutsar da ke girma a zuciya da jijiyoyin huhu, har ta kai tsawon santimita 30. Sai ka ga karen da ke wuni a guje ya koma haki da tari. A tsohon kare kuwa, tarin dare yakan nuna zuciya ta fara gazawa.

In tari ya haɗu da ƙin abinci ko wahalar numfashi, a nemi likitan dabbobi. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, yana iya lalata masa hanta ko ƙoda. Kada kuma a cusa hannu a bakinsa neman ƙashi: haukan kare na shanye maƙogwaro, karen ya riƙa dalalar da yawu yana kakari tamkar wanda ya shaƙe, kuma a cikin wannan yawun ƙwayar cutar take.