Ƙwayar rizobiyom da laimar kwaɗi: mene ne bambancinsu?

Idan wake ya yi kamar kwana 40 da shuka, tuge ƙafa ɗaya ka duba saiwar. Za ka ga ƴan ƙulle-ƙulle manne da ita. Wannan ba ciwo ba ne. Gida ne na wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, dangin bakteriya, mai suna rizobiyom. Ido ba ya ganin ta, domin sai an jera ɗaruruwanta kafin su cika milimita 1. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, shi ya fara ware ta a shekarar 1888.

Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 azot ce, wato sinadarin da ke cikin takin ire. Amma tsiro ba ya iya shan ta kai tsaye daga iska. Rizobiyom ce ke kama ta, ta mai da ita abincin wake, shi kuma ya biya ta da sukari. Fasa ƙullin da farce: in cikinsa ja ne, ƙwayar tana aiki. Gujiya da gawo su ma suna da irin wannan baƙuwa, kuma yana cikin dalilan da suka sa hatsi ke kyau a gonar da aka yi wake bara.

Laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ita ma ba tsiro ba ce. Abin da ke fitowa a daji da damana kamar ɗiyanta ne kawai. Ainihin jikinta siraran zaruruwa ne da ke cikin ƙasa ko ruɓaɓɓen icce, suna cin matattun ganye da itace, suna mai da su taki. Akwai ma irin da gara ke nomawa cikin suri.

Sai dai a nan akwai haɗari. Wata laimar cimaka ce, wata kuwa guba ce mai lalata hanta, kuma sukan yi kama da juna ƙwarai. Dafuwa ba ta kashe irin wannan gubar, kuma ganin dabba ta ci ba hujja ba ce. Amai da zawo na iya jinkirta sa'o'i 6 zuwa 24. Kada ka ci wadda ba ka tabbata da ita ba, ka kuma hana yara tsinka. Wanda ya ci, a kai shi likita nan take tare da ragowar abin da ya ci, ko da ya ce ya ji sauƙi.