LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI FUSKA: SHIN HAKA YAKE A HOTO?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan magana gaskiya ce idan mutum yana gabanka, kana jin muryarsa, kana ganin motsinsa. To, amma idan fuskar a kan takarda take fa? Abin da nake so in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai ke nan, musamman game da irin hoton nan mai duhu-duhu, wanda mai shi ya yi tagumi ko ya ɗaure fuska, in ka dube shi sai ka ji jikinka ya yi sanyi.

Da farko ya kamata mu sani cewa irin wannan hoto shirya shi ake yi. Gwanin mai hoto yakan zaunar da mutum kusa da taga, haske ya bugi gefe ɗaya na fuskarsa, ɗaya gefen ya shige inuwa. Sai ya rataya baƙin labule a bayansa don kada ido ya sami abin kallo sai fuskar kaɗai. Yakan ce masa ya sunkuyar da kai, ko ya dubi wani wuri can nesa. In kuma aka wanke hoton baƙi da fari, to, tsagar gado da furfura da tamoji duk sai su fito sarai. Ashe ke nan rabin abin da muke gani aikin mai hoto ne.

Na biyu, rashin murmushi a hoto yana da dalilai da yawa ban da baƙin ciki. Lokacin da aka bayyana hikimar ɗaukar hoto a Faransa cikin 1839, sai mutum ya zauna ƙyam na wani dogon lokaci, in ya motsa hoton ya lalace. Wa zai iya riƙe murmushi haka? Bayan na'urar ta sami sauri ma, al'ada ta ci gaba da aikinta. Dubi tsofaffin hotunan dattawa da alhazai da iyalai suka adana a Karaye ko Rogo, da wuya ka ga wanda ya washe baki. A wurinsu dariya a bainar jama'a rashin kamun kai ne, dattijo kuwa da kwarjini aka san shi. Haka amarya, in ta sunkuyar da kai kunya ce irin ta 'yar mutunci. Amma baƙon da bai san al'adarmu ba sai ya ce auren dole aka yi mata.

Ɗaya rabin kuwa mai kallo ne yake zuwa da shi. Na taɓa nuna wa abokaina uku hoton wani tsohon manomi da ya zuba tagumi. Na farko ya ce talauci ne ya dame shi. Na biyu, wanda kakansa bai daɗe da rasuwa ba, ya yi shiru, sa'an nan ya ce wannan bawan Allah tunanin lahira yake yi. Na uku ya ce shi dai mugun tsoho ya gani. Hoto ɗaya, fassara uku, kowa ya zuba abin da ke cikin ransa.

Akwai wani mashahurin misali daga ƙasar waje. A watan Disamba na 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Firayim Ministan Ingila Winston Churchill ya yi jawabi a majalisar Kanada a birnin Ottawa. Wani mai hoto, Yousuf Karsh, ya nemi ya ajiye tabar da ke bakinsa, ya ƙi. Sai Karsh ya matso ya zare ta, nan take ya ɗauki hoton. Churchill ya fito a murtuke. Jama'ar duniya da suka gani suka ce ga jarumin da ya sha alwashin ba zai rusuna wa Hitler ba, alhali kuwa a wannan lokacin haushin tabarsa yake ji. Yanayin yaƙi ne ya sa mutane suka karanta fuskar haka.

Mu dawo gida. Kowa ya san hoton Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, da ke jikin takardar Naira 20, wadda aka fara fitarwa a 1977. Ya hau mulki a watan Yuli na 1975, aka kashe shi ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Wanda yake tuna shi a matsayin shugaban da ya tasam ma cin hanci, in ya dubi fuskar sai ya ga tsayuwa a kan gaskiya, har tausayi ya kama shi. Wanda kuma mahaifinsa yana cikin dubban ma'aikatan da aka kora daga aiki a zamaninsa, watakila tsanani kurum zai gani. Tarihin da kowannensu ya sani shi ya ba fuskar ma'ana.

Mai karatu zai ce, to mene ne amfanin sanin wannan? Amfaninsa babba ne, domin yanzu hoto ya riga mai shi isa wurare da yawa. A waya ake aika hoton wanda ake so a haɗa aure da shi, da hoto ake neman aiki da makaranta. Sau nawa aka ce yarinya tana da girman kai, ko saurayi fuskar mugunta gare shi, don kawai haske bai faɗa musu daidai ba? Wannan zalunci ne, ko da ba da nufi aka yi shi ba.

Saboda haka shawarata ita ce, in hoto ya taɓa zuciyarka, ka ji daɗin gwanintar wanda ya ɗauke shi, domin fasaha ce mai kyau. Amma kafin ka yanke wa mai fuskar hukunci, ka tambayi wanda ya ɗauka, da lokacin da aka ɗauka, da dalilin ɗaukar. Halin mutum kuwa sai an zauna da shi ake saninsa. Allah ya sa mu riƙa kyautata wa juna zato, amin.