Yadda Ma'aikatan Laburare Ke Gyara Bayanan da Matasa Ke Karantawa a Waya

Duk wanda ya taɓa rubuta sunan wani sarki, wani gari ko wani marubuci a Google ya san abin da ke fara bayyana a fuskar wayarsa: ɗan taƙaitaccen bayani, wanda sau da yawa daga Wikipedia aka ɗebo shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ma, rubutun Wikipedia na cikin abubuwan da aka horar da su da shi. Ke nan idan aka rubuta shekarar da ba daidai ba a shafi guda, kuskuren zai bi ta Google, ya shiga amsar da manhaja za ta bayar, ya faɗa aikin ɗalibi, daga nan wani ya ɗauki hotonsa ya watsa a WhatsApp a matsayin hujja.

Akwai masu bin irin waɗannan shafuka suna tantancewa, kuma da yawansu mutane ne da matasa ba su cika tunawa da su ba idan ana zancen fasaha: ma'aikatan laburare.

A watan Janairun 2016, lokacin da Wikipedia ta cika shekara 15, aka ƙaddamar da wani gangami mai suna #1Lib1Ref. Ma'anar sunan ita ce ma'aikacin laburare ɗaya, hujja ɗaya. Abin da ake nema ba shi da yawa. Kowane ma'aikaci ya nemo jimla guda da aka rubuta ba tare da an faɗi inda aka samo ta ba, ya buɗe littafi ko mujallar da ke tabbatar da ita, ya saka sunan littafin da lambar shafi. Idan littafin ya saɓa wa abin da aka rubuta, sai ya gyara. Ana yin gangamin sau biyu a shekara, daga 15 ga Janairu zuwa 5 ga Fabrairu, sannan daga 15 ga Mayu zuwa 5 ga Yuni.

Afirka ta shiga da ƙarfinta a 2020. A watan Mayun shekarar, lokacin da kullen korona ya rufe ɗakunan karatu da otal-otal ɗin da aka saba yin taruka, ƙungiyar AfLIA, wadda ta haɗa ƙungiyoyi da cibiyoyin laburare na nahiyar kuma take da hedikwata a Accra ta ƙasar Ghana, ta shirya Makon Ma'aikatan Laburare na Afirka. Babu zaure, babu babban teburi, babu kuɗin mota. Kowa yana gidansa da kwamfuta ko waya, ana saka hujjoji a shafukan da suka shafi mutane da wurare da tarihin Afirka. Bayan haka ƙungiyar ta gudanar da kwas ta intanet don koya wa ma'aikatan laburare yadda ake aiki da Wikipedia.

Tsohuwar al'ada ce ta koma waya

Taruwa ba sabon abu ba ne a wannan sana'a. A 1953 hukumar UNESCO ta kira taro a Ibadan kan yadda za a bunƙasa ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Shekara guda bayansa aka kafa ƙungiyar laburare ta Afirka ta Yamma, daga cikinta kuma Ƙungiyar Laburare ta Najeriya, NLA, ta fito a 1962. Har yau NLA na yin babban taronta na shekara-shekara, ana kewayawa da shi daga wannan gari zuwa wancan. A matakin duniya akwai IFLA, wadda aka kafa a 1927, ta kuma kawo babban taronta Nairobi a 1984, Durban a 2007 da Cape Town a 2015.

A irin waɗannan taruka ake tattauna abubuwan da ba su da armashi a kunne amma suke taɓa mai waya kai tsaye: yadda za a jera bayanan littattafai ta yadda injin bincike zai gane su, yadda za a ɗora kundayen digiri a intanet kyauta, da wace manhaja laburare zai yi amfani wajen ba da aron littafi. Ɗalibin da ya sauke kundin binciken wani a wayarsa da tsakar dare bai san cewa sai da wasu suka zauna suka yi muhawara kafin a buɗe masa wannan ƙofa ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin tarukan nan na 'yan gida ne. Ana biyan kuɗin rajista, ana gabatar da maƙaloli da Turanci, a karanta sanarwar bayan taro, a watse. Matashin da ke cajin waya a bakin kasuwa ba ya jin ko labarinsu. Wannan ne ya sa gangami irin #1Lib1Ref ya bambanta: sakamakonsa na fitowa ne a daidai wurin da matashin yake dubawa, kuma a ranar da aka yi aikin.

Inda gizo ke saƙa ga Hausa

Wikipedia tana da sashen Hausa, akwai kuma ƙungiyar masu sa-kai da ke rubutu a ciki suna shirya tarukan horarwa. Mai yawan leƙa shafukan zai lura cewa da dama fassara ce daga Turanci, wasu kuma suna ɗauke da alamar da ke cewa ana buƙatar hujja. Dalili a fili yake. Dokar Wikipedia ita ce a dogara da abin da aka wallafa, alhali mafi yawan abin da aka wallafa game da ƙasar Hausa yana kan takarda, ba ya kan intanet.

Yana Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Yana Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da Laburaren Murtala Muhammad a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da cibiyar binciken IRSH a Yamai mai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Yana cikin tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939. Matashi mai waya yana da saurin hannu da data, amma bai san a wane kabad littafin yake ba. Ma'aikaciyar laburare ta san kabad ɗin, ta san wane bugu ne ingantacce, amma ƙila ba ta taɓa buɗe asusun Wikipedia ba. Haɗa waɗannan biyun a ɗaki ɗaya na awa uku ya fi maƙala goma kan raguwar al'adar karatu amfani.

Zancen raguwar karatun ma yana buƙatar a sake duba shi. Matasa, musamman mata, suna karanta dogayen labaran Hausa a WhatsApp da Wattpad babi bayan babi, wasu har suna biyan kuɗi don a saka su a zauren marubuciya. Karatu ya sauya wuri ne, kuma laburare bai gama bin sa zuwa can ba.

Wata matsalar kuma ta fi wannan zurfi. Doka ta wajabta wa mai wallafa littafi a Najeriya ya kai kofe uku Laburaren Ƙasa, wanda kuma shi ne ke ba da lambar ISBN. Littattafan Hausa da yawa da aka buga a Kano tun daga shekarun 1980 sun fita kasuwa babu wannan lamba, ba su kuma shiga kundin kowane laburare ba. Littafin da ba a yi wa rajista ba, kafa hujja da shi yana da wuya, marubucin da babu abin da aka rubuta a kansa kuma shafinsa na iya fuskantar gogewa. Labaran da ke yawo a WhatsApp yanzu sun fi shiga wannan haɗari, domin waya ɗaya ta lalace ko zaure ɗaya ya rufe, shi ke nan.

Abin da mai waya zai iya yi

Ba sai mutum yana aikin laburare zai shiga ba. Buɗe asusun Wikipedia kyauta ne, kuma ana yin gyara daga burauzar waya ta hanyar danna alamar fensir da ke gefen kowane sashe. A Wikipedia ta Turanci, idan aka saka lambar ISBN ko adireshin shafi a gurbin hujja, manhajar kan cike sunan marubuci da shekarar bugu da kanta. Inda hakan bai samu ba sai a rubuta da hannu. Akwai kuma wani shafi mai suna Citation Hunt da ke zaƙulo jimlolin da ba su da hujja ɗaya bayan ɗaya, mutum ya zaɓi wadda zai iya. Rubutu ne kusan zalla, don haka bai kai bidiyon TikTok cin data ba.

Ga ɗalibai akwai wata riba. Wanda asusunsa ya kai wata shida, ya yi gyara 500, yana kuma ci gaba da aiki ba tare da an dakatar da shi ba, yana samun damar shiga The Wikipedia Library, inda ake karanta mujallun ilimi na kuɗi irin na JSTOR kyauta. Wanda ke zaune inda sabis ke wahala kuma zai iya sauke manhajar Kiwix, ya ajiye Wikipedia a wayarsa ya riƙa karantawa babu intanet.

Hanya mafi sauƙi ta farawa ita ce mutum ya buɗe shafin garinsu, ya nemo jimla guda da ba a faɗi tushenta ba, ya je laburare mafi kusa ya nuna wa mai kula da sashen bincike, ya tambaye shi wane littafi ne ya yi magana a kai. Ya ɗauki hoton bangon littafin da na shafin, ya rubuta sunan mawallafi da shekarar bugu. Zangon gangamin na gaba zai buɗe ne ranar 15 ga Janairu ko 15 ga Mayu, amma maɓallin gyara yana aiki kowace rana.