Kafin ka sayi sabon kafireta, saurari motarka

Motata Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975. Daga mahaifina na gaje ta, da ita kuma nake kai gero da wake daga Bacirawa zuwa kasuwar Dawanau. A hunturun bara ta tsiro da wani hali: da zarar na taka totur sai ta shaƙe kamar za ta mutu, sannan ta zabura. Na yi ta haƙuri, har ranar da ta yi mini haka ina hawa titin Katsina, tirela na tahowa. Allah ne ya kiyaye.

Bakaniken farko ya ce filogi ne, na saya. Na biyu ya ce kwayil ne, na tafi Ƙofar Ruwa na sayo. Na uku ya ce sai sabon kafireta. Babu wanda ya zauna cikin motar ya ji ciwonta.

Daga ƙarshe na je wurin wani dattijon bakanike. Bai taɓa sifana ba sai da ya tambaye ni: "Malam, yaushe take yi? A hawa, ko lokacin da ka taka?" Na ce, "Baba, daidai takawar ne, daga nan ta ware."

Ya ce inji abu uku yake buƙata: mai, iska da wuta, kuma rashin kowanne da alamarsa. In mota ta sare a hawa ko a doguwar tafiya, a duba matatar mai da famfonsa, musamman ga mai shan man bumburutu. In tana baƙin hayaƙi, wataƙila ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. In tana karkarwa da nauyi a kanta, a duba filogi da wayoyinsa. Amma shaƙewa daidai lokacin takawa, wannan aikin wani ɗan famfo ne a jikin kafireta, wanda yake tsarta mai domin ya daidaita da iskar da ta shigo a lokaci guda.

Ya kashe injin, ya cire matatar iska, ya ja wayar totur, muka leƙa. Ko ɗigo bai fito ba. Robar famfon ce ta tsage, kuɗinta bai kai na filogin da na saya ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowace naira a hannun manomi tana da mazauni. Gyaran kirdado asara ce, wani lokaci har ta rai. Saboda haka ina kira ga masu tsofaffin motoci su lura da lokacin da matsala ke zuwa kafin su je gareji, makanikai kuma su koya wa yaransu tambaya kafin kwancewa. Likitan kirki ba ya rubuta magani sai ya ji ta bakin majinyaci.