Abin da ya kamata ku sani game da alamomin bazara

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram, hirar kowa ba ta wuce gumi da ƙishirwa da ɗauke wuta. Amma a wannan lokacin ne itatuwa da tsuntsaye da ƙananan halittu ke soma shirin damina, tun ko ɗigo bai sauka ba. Manomi yana lura da su yayin da yake sharar gona da kai taki, mu mutanen birni ne dai muke wuce su ido rufe.

Dubi kuka. Ta kwashe rani tsirara, sai ga 'yan ganyaye sun fara tofo a bakin rassa alhali ƙasa a bushe take ƙamas. Ruwan da ta adana a gangar jikinta tun daminar bara shi ne take ɗiba, don kada ruwan farko ya same ta ba ganye. Dogon-yaro kuwa furanni yake yi, farare ƙanana, da magariba ƙamshinsu ya cika unguwa.

Gawo ne ke saɓa wa kowa. Da rani yana kore shar, damina na kankama sai ya zubar da ganyensa. Saiwarsa na nutsawa har inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake, shi ya sa fari bai cika damunsa ba. Ganyen da ya zubar ya zama taki, inuwa kuma ta janye daidai lokacin da gero ke neman rana, ga 'ya'yansa abincin awaki da tumaki sa'ad da ciyawa ta ƙare. Saboda haka manoman Matameye da Magaria suke kare tohon gawo a gonakinsu. Daga shekarun 1980 zuwa yau, wannan dabara ta barin toho ya girma ta farfaɗo da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram.

Sai shamuwa, baƙar tsuntsuwa wadda cikinta fari ne. Tana tafiya kudancin Afirka, wajen Zambiya da Zimbabwe, lokacin da can ake damina, sannan ta biyo ruwa ta dawo arewa wajen Afrilu da Mayu, ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari. Fara da tsutsa take ci, kuma ruwa ne ke fito da su, don haka isowarta labari ne mai tushe cewa damina ta kusa. Ba banza ba dattawa ke hana yara jifarta.

Ranar da aka yi ruwan farko, ƙamshin ƙasa kan riga ruwan isowa. Wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, su ke samar da wani sinadari mai suna geosmin. Ɗigon ruwa idan ya faɗi a busasshiyar ƙasa yakan kama 'yan kumfan iska, su fashe su watsa sinadarin sama, iskar hadari ta kwaso shi ta kawo maka har tsakar gida. A 2015 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka ɗauki hoton wannan fashewar da kyamara mai saurin gaske. Hancin ɗan Adam na jin geosmin ko da ɗan mitsitsi ne, kuma shi ne ƙarnin laka da akan ji a naman tarwaɗa wani lokaci.

A daren nan ko kashegari shinge kan ɓarke daga suri su yi dafifi a gindin fitila. Waɗannan su ne gara masu fiffike, maza da mata, da suka fito neman abokin kafa sabon gida, suna jiran ƙasa ta yi laushi su iya tona. Da safe za ka tarar da fikafikai zube a bakin ƙofa, kaji da ƙadangaru sun sha biki. Kwaɗin da suka cika dare da kuka ma ba daga sama suka faɗo ba, suna nan binne a ƙasa tun kaka.

Ni dai wadda ta fi ba ni mamaki ita ce gaiwa. Kifi ce, amma tana da huhu. Idan fadama ta fara ƙafewa, a Haɗeja da Nguru ko gefen Tafkin Chadi, sai ta kutsa cikin laka ta naɗe, yauƙin jikinta ya bushe ya zama kamar kwasfa, ta bar 'yar kafa daidai bakinta don shan iska. Haka za ta kwanta wata da watanni ba ci ba sha, jikinta na cin kansa a hankali, har ruwa ya sake jiƙa lakar ta farka. Masunta sun san bakin ramin, da rani sukan bi busasshiyar fadama da fartanya su haƙo ta da ranta.